Ɓarawon wuta yana cikin ɗakinka

Jawabi ga masu karatun yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi

 

Yau zancenmu a kan wutar lantarki ne. Wutar da Nigelec ke ba yankinmu, daga nesa take zuwa. Babbar waya ce ta taso daga Katsina ta sauka Gazawa. Daga nan ake raba ta zuwa Maraɗi da Damagaram. Kun tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wuta? Ba a maido ta ba sai Maris na 2024. Masu ƙanƙara da masu walda sun ji jiki. Abin da muka ga rashinsa, bai kamata mu yi wasa da shi ba.

To, ku saurara. Akwai ɓarawo a ɗakunanmu. Ba ya haura katanga, ba ya fasa ƙofa. Mu da kanmu muke jona shi a bango.

Ka gama kallon tele, ka danna abin kashewa na hannu, ka kwanta. Kana tsammanin ta mutu. Duba da kyau: ga ɗan jan haske nan yana ci. Telen ba ta mutu ba, gyangyaɗi take yi, tana shan wuta. Dikodar da ke kusa da ita ma haka. Taɓa ta da safe. In ka ji ɗumi, to wuta ta kwana sha.

Mu yi lissafi. Hatsi da tiya ake awonsa, wuta kuwa da kilowat. Wat 1000 cikin awa 1 shi ne kilowat 1 a kwantarka. Akwai dikodar da ke shan wat 10 ko ba kowa a gabanta. Dare da rana, awa 24, wat 240 ke nan. A kwana 30 ya wuce kilowat 7. Wannan wutar ta isa ta kunna ƙwai 4 na LED masu wat 9, awa 6 kowane dare, har wata ya ƙare. Kai ne mai biya, ba ka kuwa kalli komi ba.

Ku mutanen ƙauye masu farantin hasken rana, kada ku ce babu ruwanku. Batirinku kamar randa yake. Rana ta cika ta, dare ya sha. Akwatin nan da ke juya wutar batir, in an bar shi a kunne, yana tsotsar batir ko ba a jona masa komi ba. Shi ya sa wani lokaci fitila ke mutuwa tun yara ba su gama karatu ba. Batirin da ake ƙarar da shi ƙaf kullum ba ya daɗewa, sabo kuwa kun san tsadarsa.

Ga abin da za mu yi:

1. In an gama kallo, a zare tele da dikoda daga bango.
2. In salula ta cika, a zare abin cajin. Shansa kaɗan ne, amma marar kyau yana iya yin zafi ya ta da gobara.
3. Ɗakin da ba kowa, a kashe fanka da fitila. Fanka mutum take wa fifita, ba ta sanyaya ɗaki.
4. Tsohon ƙwai mai wat 60, a canja shi da LED mai wat 9. Haskensu kusan ɗaya ne.
5. Firigo mai abinci ko magani, a bar shi a jone. A dai rage buɗe shi.

A kula: kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu. Kada a aiki ƙaramin yaro ya zare.

Maigida, yau da dare kafin ka kwanta, zagaya ɗaki. Uwargida, ke ma sa ido. Duk inda kuka ga ɗan haske yana ci, ku zare. Ƙarshen wata ku gwada takardar kuɗin wuta da ta watan jiya. Kun iya karatu yanzu, ku duba lambobin da kanku.

Ku kai wa maƙwabta labari.  Allah ya kai mu gida lafiya.