Katantanwar Tsohon Teku a Duwatsun Kalambaina

Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, don yin siminti, laka ce ta ƙarƙashin teku wadda ta daskare kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A cikinsa akan tsinci ɓawon notilas, watau wata halittar ruwa mai kama da katantanwa, sai dai cikinta ɗaki-ɗaki ne.

To, ɗalibi yakan ɗauke ta amonait ce. Kamata ya yi ya dubi layin da bangon kowane ɗaki ya bari a jikin ɓawon: na notilas lanƙwasa ce kawai, na amonait kuwa a cukurkuɗe yake kamar bakin ganye. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin amonait ta ƙare tun shekara miliyan 66 baya. Wanda ya musanya sunan ya ƙara wa dutsen shekaru, taswirar da masu haƙa za su bi kuma ta ɓaci.