Kwamfuta Da Intanet A Aikin Majami'un Karkara

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Kwamitin shirye-shirye ya umarce ni da in yi magana a kan yadda ake amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, da kuma intanet a aikin majami'a. Ni dai ba fasto ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai jujjuya fayil, amma ɗan Zurgu ne, kuma a ƙananan majami'un ƙasar Rano da Kibiya na tashi. Na san da yawanku Musulmi ne waɗanda muka zauna benci ɗaya, muka ci a kwano ɗaya. Ina fata ku ma za ku tsinci abin da zai amfani makarantun Islamiyya na garuruwanku, domin matsalar ƙauye ba ta tambayar addini.

Bari mu fara waiwayawa baya kaɗan. Kamar yadda wasunku suka sani, a shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekara da shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi tare da abokan aikinsa. A 1979 aka sake fitar da sabuwar fassara. To, amma littafi sai mai karatu, kuma yawancin iyayenmu manoma ba su shiga aji ba. Saboda haka rediyo ya karɓi aikin. A 1954 mishan ta SIM ta buɗe gidan rediyon ELWA a kusa da Monrobiya ta ƙasar Laberiya. A 1963 kuma aka buɗe wani a Adis Ababa ta Habasha, wanda ake haɗa shirye-shiryensa na Hausa a Jos da sunan Muryar Bishara. Da yamma sai a kewaye akwatin rediyo guda a tsakar gida, babba da yaro, ana saurare.

Me ya faru da su? A watan Maris na 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace gidan rediyon Adis Ababa, a 1990 kuma yaƙin basasar Laberiya ya rutsa da ELWA. Mai saurare a Zurgu bai san hawa ba bai san sauka ba, ya murɗa akwati ya ji shiru. Abin da ya rage masa shi ne Littafin da ke cikin jakarsa, da waƙoƙin da ya haddace, da 'yan kasakasan da ya ajiye a ɗaki. Jama'a, wannan shi ne gundarin jawabina: abin da ke hannunka shi ne naka, abin da ake aiko maka daga nesa aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kada mu ɗauka intanet ta fi ƙarfin wannan. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, abubuwa sun sauƙaƙa ƙwarai. Manhajar YouVersion da ta fito a 2008 tana ɗauke da Littafi Mai Tsarki na Hausa kyauta, akwai kuma wanda aka karanta da murya domin wanda bai iya karatu ba. Amma mun ga yadda aka dakatar da Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Mu tuna kuma da kullen korona na watan Afrilun 2020, lokacin da aka rufe masallatai da majami'u a Kano. Manyan majami'un Sabon Gari sun koma watsa sujada ta Facebook, amma a ƙauye, inda sai an hau tudu ake samun sabis, kuɗin data kuma yana gogayya da kuɗin taki, wannan dabara ba ta kai ga kowa ba. Waɗanda suka amfana su ne masu ɗan katin memori a waya ko a ƙaramin rediyo.

Saboda haka nake ganin aikin intanet a majami'ar karkara kamar aikin rijiya ne: ka je ka ɗebo, ka kawo gida ka zuba a randa. Ayyuka uku nake so mu duba.

Na farko, aikin kunne. Yaro guda ya shiga Rano ko Kano ya sauke karatun Littafi da Hausa, da darussan makarantar Lahadi, da waƙoƙi, ya zuba a memori. Daga nan ana turawa daga waya zuwa waya ba tare da an kashe ko kwabo ba. Tsohuwar da idonta ya yi rauni za ta saurara tana ɓarar gyaɗa, mai bishara da ke kula da ƙauyuka uku ko huɗu kuma ya sami abin shirya wa'azi.

Na biyu, aikin rajista, kuma a nan aikin ofis ya koya mini darasi. Kwanakin baya wani dattijo ya zo mini yana neman shaidar shekarun ɗiyarsa domin wata takarda ta makaranta. Muka tafi majami'ar da aka rubuta haihuwarta, muka tarar gara ta cinye rabin littafin, ruwan damina ya wanke sauran. Sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da aure, da rasuwa, na shekaru masu yawa, duk sun tafi. Da an ɗauki hoton kowane shafi da waya, an shigar da sunayen cikin kwamfuta, an ajiye kwafi ɗaya wurin fasto, ɗaya a ofishin gunduma, da ba a yi wannan hasara ba. Haka nan lissafin baiko da zakka: idan ma'aji yana shigarwa duk Lahadi, ana bugawa ana karanta wa jama'a duk wata, zargi ba ya samun wurin zama. Sai dai a kiyaye, sunayen mutane da lambobinsu amana ce, ba abin watsawa a WhatsApp ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ba ya jira. Dattawan da suka san yadda bishara ta shigo gidajen Maguzawa na kudancin Kano suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su ne suka san wanda ya fara kafa rumfar sujada a kowane ƙauye, da wanda ya tafi makarantar Littafi ta Tofa, da yadda aka zauna da 'yan'uwa Musulmi na gida ɗaya ana biki tare ana makoki tare. Haka nan waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda iyayenmu suka tsara da bakinsu, galibi babu su a littafin waƙoƙi. Intanet ba za ta ba mu waɗannan ba, domin ba ta da su. Mu ne za mu zauna gaban tsoho da waya, mu gaishe shi, mu naɗi muryarsa da izininsa, mu rubuta sunansa da ranar. Idan muka yi sakaci shekara goma, sai dai labari, kuma babu mai ba da shi.

Akwai gargaɗi guda. Wayar da ke kawo wa'azi ita ce ke kawo jita-jita. Hoton rikicin wata ƙasa na shekarun baya sai a ce jiya ya faru a maƙwabta, kafin a tantance hankali ya tashi. Ya kamata fasto da dattawan ikkilisiya su koya wa matasa su tambayi asalin saƙo kafin su tura, haka ma liman da malaman Islamiyya. Zaman lafiyar da muka gada a ƙasar Rano ya fi kowane saƙo tsada.

Daga ƙarshe, ga roƙona. Da yawanmu muna da tsohuwar kwamfuta da ƙura ta rufe a gida. A tattaro su a gyara. Ƙungiya ta sa hannu a sayi ƙaramin faifan sola da batir, domin wutar lantarki ba abin dogara ba ce a ƙauyukanmu. Sa'an nan waɗanda suka iya a cikinmu su ba da Asabar ɗaya a wata su koya wa yara biyu a kowane wuri, namiji da mace, majami'a ko Islamiyya, domin kada na'urar ta zama ado a ofishin shugaba. Ni na ɗauki nauyin koyar da aikin rajista a Zurgu, ina kuma jiran wanda zai ɗauki Rurum da Kibiya kafin mu tashi daga wannan zaure.

Malamanmu, alli da allo kawai kuke da su kuka fitar da mu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.