Kafin Ka Biya Kuɗin Hutu a Jirgin Ruwa, Tsaya Ka Ji Wannan

Kamar kullum daga nan Ƙofar Kabuga nake magana da ku, saboda haka in kun ji hon ɗin 'yan adaidaita sahu ya shigo, a yi mana afuwa.

Abin da ya kawo zancen yau saƙo ne wata 'yar'uwa ta turo min. Bikinta saura wata biyu. Angon ya ga talla a Instagram: kwana bakwai a cikin katafaren jirgin ruwa na shaƙatawa, wanda 'yan intanet ke ce wa kuruz, ci da sha da biza duk a ciki, wai gurbi biyu ne ya rage, a tura rabin kuɗi yau-yau a asusun wani mutum. Ta ce, "Yaya, mu tura?" Na ce mata, ƙanwata, kar ku tura tukuna. Na kuma yi mata alƙawarin zan yi bayani a shiri, don na san ba ita kaɗai ke ganin irin wannan talla ba.

Ni ba mai kuɗi ba ne, kun sani. Sau ɗaya na taɓa shiga irin wannan jirgi, kwana uku daga Jidda, shi ma yayana ne ya ɗauki nauyi. Amma na koyi abu ɗaya a tafiyar: daɗin hutun nan ko wahalarsa tun kana gida ake yanke shi, ba sai ka hau ruwa ba.

Kada wani ya ce mana tafiyar teku baƙuwa ce ga Bahaushe. Kakanninmu da suka yi aikin hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, in sun isa Sawakin jirgin ruwa suke shiga su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta ruwa ya tafi Ingila da Makka. Haka ɗaliban da suka je karatu Ingila, da yawansu a Legas suka hau jiragen kamfanin Elder Dempster, irin su Aureol, wanda ya yi ta wannan zirga-zirga har 1974. Bambancin shi ne, su larura ce ta kai su, mu kuwa nishaɗi muke nema. Tunda nishaɗi ne, bai kamata ya zame mana asara ba.

To mu fara da inda ake hawa. Manyan jiragen nan ba a Legas suke ɗibar fasinja ba, dole sai ka hau jirgin sama ka tarar da su. Wanda ya fi kusa da ɗabi'armu shi ne na Jidda: kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara aiki a watan Disamba na 2024, abincinsa halal ne, akwai wurin sallah, ba a sayar da giya. Akwai masu tashi daga Dubai da Doha, yawanci daga Nuwamba zuwa wajajen Maris, lokacin da zafin yankin ya sauka. A daidai wannan lokacin kuma kamfanin MSC kan tashi daga Durban a Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Na Bahar Rum, wato ɓangaren Italiya da Sifen da Girka, sun fi yawa a lokacin zafin Turai. Kun ga kenan kafin kuɗin jirgin ruwa akwai tikitin jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano, zuwa da dawowa, da kwanan otal. Kuma shawarata, ka isa garin da za a tashi ana gobe tafiya. In jirginka na sama ya yi latti a ranar, na ruwan ba ya jiran kowa, kuɗinka kuma ya tafi.

Na biyu, takardu. Nan ne fasfo ɗinmu yake nuna mana halinsa. Jirgin ba ƙasa ɗaya yake zuwa ba, yau yana nan gobe yana can, kuma nauyinka ne ka tabbatar kana da izinin shiga kowace ƙasa da za a tsaya. Kamfani na iya hana ka hawa tun daga ƙofa in wata biza ta gaza, ko da ka rantse ba za ka sauka a ƙasar ba. Sai ka lura da wannan sosai: in jirgi ya tashi daga Jidda ya je Masar ya dawo, ka fita daga Saudiyya kenan ka sake shiga. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka ga matsala. Masu shirin su yi Umara su zarce hutu, wannan tambayar ita ce ta farko da za ku yi, kuma a ba ku amsa a rubuce. Haka bizar Shengen ta Turai: in jirgin zai leƙa Turkiyya ko Tunisiya ya dawo, mai shiga da yawa ake bukata. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa. Katin rigakafin shawara, wanda muke ce wa yalo kad, ya zama na gaske, ba na bakin titi ba. Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa wa ma'aurata ba: yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar mai juna biyu in cikin zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, ba sa kuma ɗaukar jariri ɗan ƙasa da wata 6.

Na uku, kuɗi. Farashin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, kuma yawanci na ɗaki mafi araha ne, wanda ba shi da ko taga. Mai taga ya fi shi tsada, mai baranda ya fi mai taga. A kan wannan sai a ɗora harajin tashoshi, da kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubuta wa kowane fasinja kullum. Abinci a babban ɗakin cin abinci yana cikin kuɗinka, amma a jirage da yawa lemon kwalba da intanet da yawon gani-da-ido in an sauka a gari, duk daban ake biya. Kuma ba hannu da hannu ake ciniki ba. Kati ɗaya ake ba ka, shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka, shi ne kuma aljihunka. Kana ta miƙa shi ba ka jin zafi, sai daren ƙarshe a kawo maka lissafi da kuɗin waje. Don haka kullum da dare ka duba abin da aka rubuta maka. Kafin ka bar gida kuma ka je bankinka ka tambayi iyakar abin da katinka zai iya biya a waje.

Yanzu mu dawo kan tallan da aka turo wa ƙanwata. Yaya za ka gane na gaskiya? Ka nemi sunan jirgin da ranar tashinsa, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga ko akwai wannan tafiyar. Ka nemi ofishin ejan ka je da ƙafarka, ka tambayi rajistarsa ta CAC, da ko yana cikin NANTA, ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta Najeriya. Kar ka tura kuɗi a asusun mutum, sai na kamfani, ka karɓi rasit. In an ce an kama maka ɗaki, akwai lambar da kamfanin jirgin ke bayarwa, wadda in ka saka ta a shafinsu za ka ga sunanka. Babu lamba, babu ɗaki. Duk wanda ya ce maka biza tabbas ce, ƙarya yake, don ba shi ke bayarwa ba, ofishin jakadanci ne. Duk mai azalzalarka da "yau-yau" kuwa, so yake kar ka samu lokacin tambaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

To an ce komai ya yi daidai, ka shirya kaya. 'Yan'uwa mata, ku yi haƙuri, kasko da turaren wuta ba sa shiga jirgi. Babu abin da ma'aikatan jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, shi ya sa ake ƙwace dutsen guga da hita da kyandir tun a ƙofa. A riƙe humra da turaren fesawa. Kilishi da dambun nama ma ka tambaya kafin ka ɗauka, don ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama. Ka ware ƙaramar jaka ka riƙe a hannu, ka sa fasfo da magungunanka da caja da kaya kala ɗaya, saboda babban akwati sai can da yamma yake iso ɗaki. Ka yi inshorar tafiya. Akwai likita a jirgi, amma ba kyauta ba ne, kuma da kuɗin waje ake biya.

Da ka hau, kafin a tashi za a yi atisayen ko-ta-kwana. A nuna maka inda za ka taru in wani abu ya faru, da yadda ake sa rigar kariya, da ƙarar gargaɗi: busa bakwai gajeru, ɗaya doguwa. Kar ka tsaya ɗaukar hoto a lokacin. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Bayan wannan ne aka tsaurara doka, ya zama ana yin sa tun a farkon tafiya.

Sai jiri. Mu 'yan tudu ne, jikinmu bai saba ba. Daren farko ni dai ban ci abincin kirki ba. In kana da tsoron haka, zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi. In zuciya ta fara tashi, kar ka kulle kanka a ɗaki, fita ka sha iska, ka kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Citta tana taimakawa, akwai kuma magani, ka tambayi likita tun a gida. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ya zama dole, don mutum dubbai ne a wuri ɗaya, ciwon ciki yana saurin zagayawa. Waya kuwa, da an bar tasha ka kashe layinka. A tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam take kamawa, kuɗin da za a ja maka sai ka riƙe baki.

Batun sallah, a Kano mun saba alƙibla gabas ce. A Bahar Maliya, da jirgi ya nausa arewa da Jidda, alƙibla ta koma kudu maso gabas, kuma jirgin yana juyawa. Ka duba ta a kowace sallah, kar ka dogara da ta asuba. Hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi kuma ka tambayi malaminka kafin tafiya. In ba jirgin da aka san abincinsa halal ba ne, ka rubuta musu tun lokacin biyan kuɗi, in babu, kifi da kayan lambu sun ishe ka.

Bari in ba ku labarin wautata. Mun tsaya a wata tasha a Masar, aka ce kowa ya dawo ƙarfe biyar, agogon jirgi. Wayata kuwa da muka sauka ta koma agogon Masar da kanta, wanda a lokacin sanyi yake bayan na Saudiyya da awa ɗaya. Ina kasuwa ina taya tsaraba, ina ganin huɗu saura, ashe biyar ce saura. Yayana ne ya duba agogon hannunsa ya ce, "Kai, tashi!" Wallahi gudun da muka yi ko a firamare ban yi shi ba. Da mun makara, da kuɗinmu za mu bi jirgi, ko mu nemi hanyar gida daga ƙasar da ba mu san kowa ba. In ka bi yawon da jirgin ya shirya, shi zai jira motarsa. In ka fita da kanka, kai da agogonka. Ka saita na hannu da na jirgi, ka dawo da saura awa guda.

Zan rufe da magana biyu. Ta farko, kar a ci bashi don hoto. Amarci ba gasa ba ne. In lissafin nan da na jero ya fi ƙarfinku, ku bar shi sai Allah ya hore, daidai ruwa daidai tsaki. Ga Tiga nan kusa, ka kai iyalinka su ga ruwa su sha iska, ku dawo da kuɗinku a aljihu.

Ta biyu ita ta fi damuna. A can ba a tashi sai an nuna wa kowa rigar kariyarsa. A nan fa? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙansu. Ran ɗan Bagwai da ran wanda ya biya dala duk rai ne. Don haka ko babban jirgi za ka hau ko kwale-kwale, ka nemi rigar kariya, in ka ga an cika lodi ka sauka, ka kuma buɗe baki ka yi magana, ko da za a ce ka cika tsoro.

Ƙanwata da ta turo saƙo, ki ba ango wannan ya saurara, ku nemi sunan jirgi da lambar ɗaki, ku ji abin da mai tallan zai ce. Allah ya sanya alheri. Wanda kuma ya taɓa yin irin wannan tafiya, ko aka taɓa damfara da sunanta, ya ba mu labari don wasu su tsira. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.