Sare Dazuzzuka: Me Ke Tura Gatari Cikin Daji?

Ya 'yan'uwa, abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne ƙarewar dazuzzuka a ƙasashe masu tasowa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2020 duniya tana rasa daji kimanin hekta miliyan 10 kowace shekara, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan asara faɗaɗa gonaki da makiyaya ne sanadinta.

Mun saba ɗora laifin a kan mai faskare da mai gawayi. To amma a Barazil kiwon shanu domin kasuwar nama shi ya fi cin dajin Amazon, a Indunusiya gonakin kwakwar manja, a Kodebuwa kuwa koko. Shi kuma talaka, in kananzir da gas sun fi ƙarfin aljihunsa, dole tukunyarsa ta koma kan murhun itace.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato rashin mallaka. Mu ɗauki darasi daga Jamhuriyar Nijar. A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji wadda ta sa itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, aka kuma ci gaba da bin wannan tafarki bayan samun 'yanci a 1960. Manomi yana iya shan tara a hannun malaman daji saboda reshen da ya sara a cikin gonarsa. Shin wa zai reni abin da ba nasa ba, alhali yana jawo masa tara? Sai manoma suka riƙa share kowane toho lokacin sassabe. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta tarar da gonaki tsirara.

Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman yankin Maraɗi a kan kututturen da ke da rai a ƙarƙashin ƙasa: a zaɓi toho mafi ƙarfi, a rage sauran, a tsare shi. Ana kiran wannan sassabin zamani. Hukuma ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin mai gona. Bincike ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi wa gero taki, ya dawo gonaki, mata suka sami itacen girki kusa da gida.

Manoman nan dai su ne na jiya, kuma talauci bai bar su ba. Abin da ya sake shi ne sun tabbata amfanin itacen nasu ne. Saboda haka muna kira ga mahukunta su tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan gonarsa da itatuwanta, su sauƙaƙa makamashin girki, su kuma fara hukunci daga manyan dillalan katako da gawayi. Mu kuma manoma, idan sassaben bana ya zo, kowa ya bar toho a gonarsa.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.