KADA TALAKA YA ZAMA MASINJAN OFISOSHIN GWAMNATI



An nemi in yi magana a kan yadda ma'aikatun gwamnati za su tsara na'urorinsu na kwamfuta domin su riƙa magana da juna. Wanda ya ji wannan zai ce ai zancen masana ne, ba ruwan mai sayar da albasa a Mile 12, ko mahauci a Sabon Badun, ko direban da ke sauke kaya a Fatakwal. To, in kun yi haƙuri kun saurara, za ku ga su ɗin ne abin ya fi shafa.

Kowa a nan ya ƙirga sau nawa aka ɗauki hoton yatsunsa. Hukumar zaɓe ta ɗauka domin katin jefa ƙuri'a. Kamfanonin waya sun ɗauka da aka fara rajistar layuka a 2011. Bankuna sun ɗauka da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. Hukumar katin ɗan ƙasa, wadda doka ta kafa a 2007, ita ma ta ɗauka domin lambar NIN. Mai lasin tuƙi da mai fasfo kuwa sun ƙara da biyu. Yatsun nan dai goma ne, ba su sake ba, amma kowace hukuma ta buɗe nata littafi kamar sauran ba su wanzu ba. Idan wannan ofis yana bukatar abin da ke hannun wancan, sai a ce wa talaka ya je ya karɓo takarda. Shi zai biya kuɗin mota, shi zai rufe rumfarsa yini guda, watau ya zama masinjan gwamnati wanda ba a biyansa albashi.

Maganin da masana suka daɗe suna bayarwa shi ne abin da za mu kira tsari bisa hidima. Ga yadda yake. Kowace hukuma ta riƙe rumbun bayananta, ita ke kula da shi, ita za a tuhuma in ya lalace. Amma tilas ta buɗe taga a jikin rumbun, inda na'urar wata hukuma za ta iya yin tambaya ta sami amsa nan take. Kowace taga aiki ɗaya take yi, shi ne ake kira hidima. Misali, ofishin fasfo ya aiko da lamba da suna, ya ce shin wannan lamba ta mai wannan suna ce? Tagar hukumar katin ɗan ƙasa ta amsa i ko a'a. Wannan taga ɗaya ita ce banki zai yi amfani da ita, ita ce hukumar jarrabawa za ta yi amfani da ita, ba sai kowa ya sake gina tasa ba.

Abu uku ne ke riƙe da wannan tsari. Na farko, a yarda da siffa ɗaya ta tambaya da amsa, a rubuta ta kowa ya gani. Ku 'yan kasuwa kun san dalili: in mudun kowane ɗan awo ya bambanta da na maƙwabcinsa, ciniki ba ya ƙarewa sai da faɗa. Na biyu, a sami littafi guda wanda ya jera dukan tagogin da ke akwai, da wanda aka yarda ya yi tambaya a kowace. Na uku, a rubuta kowace tambaya da aka yi, da wanda ya yi ta, da lokacin da ya yi. Amfanin wannan tsari shi ne, in wata hukuma ta ga dama ta sake na'urorinta gaba ɗaya, sauran ba za su ji a jikinsu ba, muddin tagar ta ci gaba da amsawa yadda aka yi alkawari.

Akwai ƙasar da ta gwada wannan ta ga amfaninsa. Estoniya wata 'yar ƙasa ce a arewacin Turai, wadda ta sake samun 'yancinta daga Tarayyar Sobiyat a 1991. Mutanenta wajen miliyan 1.3 ne, ba su kai mutanen Badun ba. A 2001 suka buɗe wata hanya mai suna X-Road, wadda ta haɗa rumbunan hukumominsu ba tare da an tara su wuri ɗaya ba. Suka kuma kafa ƙa'ida cewa abin da ɗan ƙasa ya riga ya faɗa wa wata hukuma, kada wata ta sake tambayarsa, ta je ta nema a inda yake. Saboda haka mutum yakan tarar an riga an cike masa takardar haraji, nasa kawai ya duba ya sa hannu. Har wa yau yana iya dubawa ya ga wace hukuma ce ta leƙa bayanansa. A 2018 maƙwabciyarsu Finland ta haɗa tata hanyar da tasu.

Akwai kuma wadda ta bi ta wata hanya ta sha wuya. A 2002 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki aikin gina wani ƙaton tsarin kwamfuta domin asibitocin Ingila, ta raba kwangilar ga manyan kamfanoni 'yan kaɗan. Aka yi ta jinkiri, likitoci suna kukan ba a shawarce su ba, har a 2011 gwamnati ta ba da sanarwar wargaza shirin. An ƙiyasta kuɗinsa ya kusa fam biliyan 10. Darasin a fili yake: wanda ya ce zai ɗauke dukan kayan kasuwa a kai ɗaya, wuyansa ne zai gaya masa. Gara a fara da taga ɗaya, a ga tana aiki, sa'an nan a ƙara ta biyu.

A nan gida ma an ɗan taka. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin yadda na'urorin hukumomi za su riƙa fahimtar juna a 2019. Daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta wa ɗalibai lambar NIN kafin su yi rajista, tana jawo sunansu da ranar haihuwarsu daga hukumar katin ɗan ƙasa. Ofishin fasfo ma haka yake yi. Amma mun kuma ga abin da gaggawa take haifarwa. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN cikin ɗan lokaci kaɗan, jama'a suka yi cincirindo a ƙofofin ofisoshi ana tsakiyar annobar korona, aka yi ta ɗaga wa'adi, har a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka miliyoyi yin kira. An ɗora wa jama'a wajibi tun kafin a tanadi isassun wuraren da za su sauke shi.

Abin da ke hana ruwa gudu kuwa galibi ba na'ura ba ce. Wani shugaban hukuma yana ganin bayanan da ke hannunsa kamar gadon gidansu, in ya buɗe taga girmansa ya ragu, wataƙila kuma wata kafar samun kuɗi ta toshe. Wani ɗan kwangila yakan gina tsari yadda ba mai iya taɓa shi sai shi, domin a riƙa dawowa wurinsa kowace shekara. Ga rashin wutar lantarki, ga layin sadarwa da ke yankewa, alhali taga ba ta da amfani in mai tambaya ya zo ya tarar da ita a rufe. Bugu da ƙari, in an haɗa rumbuna ba a tsare su ba, ɓarawon da ya sami mabuɗi ɗaya ya sami gida duka.

Yanzu bari in zo kanmu. Na'ura ba ta san uzuri ba. Akawun da yakan dubi fuskarka ya gane Muhammadu da Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Da yawa daga cikinmu akawun da bai ji Hausa ba ne ya rubuta mana suna yadda kunnensa ya ji. Wani a banki ya ba da sunan mahaifinsa, a katin zaɓe ya ba da sunan garinsu. Wani ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, duk inda ya je sai a yanka masa wata. Muddin hukumomi ba sa magana da juna, wannan saɓani yana kwance ba mai tada shi. Ranar da suka fara magana, shi ne zai tsayar da fasfon mai niyyar tafiya, ya hana yaro rajistar jarrabawa, ya sa a riƙe wa ɗan kasuwa asusunsa ranar da kaya suka iso.

Saboda haka ina roƙon kowane magidanci ya fito da takardunsa, da na matansa, da na 'ya'yansa, ya sa mai karatu ya jera su ya duba: suna ɗaya, rubutu ɗaya, jeri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Inda aka ga saɓani a je a gyara tun ba a matsu ba, a ofishin hukuma, a kuma karɓi rasit, kada a miƙa lamba ga ɗan kan hanya. Duk yaron da aka haifa a yi masa takardar haihuwa, a tsaya a ga yadda aka rubuta sunansa. Sarakunanmu da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa za su yi babban taimako in suka sa matasanmu masu ilmi su zauna da dattawa a kan wannan aiki.

Mu kuma sani muna da haƙƙi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba kowa ikon ya nemi sanin abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara in an yi kuskure. Idan masu neman ƙuri'a suka zo Agege ko Idi-Araba ko Anaca, mu tambaye su abu uku: yaushe za a daina tambayarmu abin da gwamnati ta riga ta sani, ina ofishin gyara mafi kusa da unguwarmu, kuma yaushe talaka zai iya ganin wanda ya leƙa bayanansa. Wanda ya kawo amsa mu saurare shi, wanda ya kawo kame-kame mu riƙe shi a zuci.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a neman da ya kawo mu.