Jawabi ga Rassan Jam'iyya: A Ƙidaya Mu, A Yi Mana Hanya

Maganarmu ta yau a kan abu biyu take, yawan mutanen ƙauye da hanyar da ke kai su kasuwa. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Mu soma da Takeita. Ƙauye ne a yammacin Damagaram, tafiyar kamar kilomita 50 a kan babbar hanyar Yamai. A nan hanya ta rabu, reshe ɗaya ya yi kudu, ya bi Kance da Matamaye har iyaka, ya nufi Daura da Kano. Ƙasar Takeita ba ta fi ta maƙwabtanta albarka ba, amma mota tana tsayawa a can. Inda mota ta tsaya mai tuwo zai zauna, maƙeri zai kafa tukuba, baƙo zai nemi fili. Da haka gari ya cika, har a 2011 aka yanke shi daga Mirya, ya zama babban garin gundumarsa.

To, ku dubi ƙauyen da ke bayan tudu, wanda amalanke kaɗai ke shiga. Manomi yana sayar da wakensa da araha, gama ɗan kasuwa ya cire wahalar rairayi daga cikin kuɗin. Mace mai naƙuda a kan amalanken shanu za a kai ta wurin likita, wani lokaci ba a isa da ita. Malamin lakwal yana zuwa, damina ɗaya ya nemi canji. Samari kuwa su tafi cirani.

'Yan'uwa, ƙasar nan ba a bayan gari aka halicce ta ba. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayari daga Tarabulus yana sauka Damagaram kafin ya wuce Kano. Faransawa suka ci garin a 1899. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Nguru a 1930, amma su ba su shimfiɗa mana ko taku ɗaya na dogo ba. A 1926 suka ɗauke mazaunin gwamna suka kai Yamai, nisan kusan kilomita 900. Hanyoyin da aka share, kakanninmu suka share su da aikin tilas, kwando a ka, har aka soke shi a 1946.

Daga nan tsoron ƙidaya ya samo asali. A wancan zamani in kumandan ya zo da takarda, kowane kai da aka rubuta lanho ne, kowane ƙato kuma ɗan aikin tilas ne. Maigida ya ɓoye ɗansa a rumbu, kuma yana da gaskiya. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙidayar ƙasa duka ta fari an yi ta a 1977. Ta 2012 ta nuna jihar Damagaram tana da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, ba jihar da ta kai ta a Nijar. Da irin wannan lissafi ake raba rijiya, aji da hanya. Ƙauyen da ya rage kansa a takarda, shi ya rage rabonsa.

Don haka ga aikin kowane reshe:

1. Ku je ƙauyukan da ke cin kasuwarku, ku zauna da maigari da liman, ku rubuta gidaje da mutane, har jarirai.

2. Ku rubuta nisan kowane ƙauye da kwalta, kuɗin motar buhu ɗaya, da watannin da kwari ke yanke hanya.

3. Ku riƙe kwafi, ku kai ɗaya majalisar gunduma, ku koma kowane wata ku tambayi inda magana ta kwana.

Ba roƙo za mu je yi ba. Haƙƙinmu ne, da adadi a hannu. Allah ya taimake mu. Wassalam.