Abin da Yara Suke Ji a Gida

Karatu: Littafin Ƙidaya 12:1-15, Ayyukan Manzanni 17:26

Maganarmu ta yau domin iyaye ce, da kakanni, da masu koyar da yara a ikkilisiya. Me muke faɗa wa 'ya'yanmu a kan launin fata da ƙabila?

Ran 14 ga Nuwamba 1960, a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, mai suna Ruby Bridges, ta shiga makarantar firamare wadda a dā 'ya'yan fararen fata kaɗai suke zuwa. Tun 1954 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, amma mutane da yawa suka ƙi ji. Sai da gwamnatin tarayya ta aiko da jami'an tsaro 4 suka raka ta. A bakin ƙofa taro yana ta ihu da zagi, da yawansu kuwa mata ne, uwayen yara. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga makarantar. Malama Barbara Henry ta koya mata ita kaɗai a aji har shekarar karatu ta ƙare. Mahaifinta ma aka kore shi daga aiki.

Amma mahaifiyarta ta koya mata ta yi addu'a duk sa'ad da tsoro ya kama ta. Yarinyar nan takan yi addu'a domin masu zaginta, Allah ya gafarta musu. Ku duba fa, 'yan'uwa. Yaran da suka ga uwayensu suna zagi a bakin ƙofa sun ɗauki darasi. Ruby ma ta ɗauki nata darasin. Dukansu a gida aka koya musu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Karatunmu na yau ma maganar cikin gida ce. Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan ɗan'uwansu Musa saboda ya auri Bakushiya, daga nan suka kai ga kishin matsayinsa. Ƙasar Kush tana kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Suna tsammani hirar iyali ce kawai, ashe Ubangiji yana ji. Maryamu ta kamu da kuturta, ta yi kwana 7 a bayan zango, jama'a duka suka tsaya jiranta. Wanda ya roƙa mata warkarwa kuwa shi ne Musa, wanda aka yi wa laifi. Manzo Bulus kuma ya shaida wa mutanen Atina cewa dukan al'umman duniya tushensu ɗaya ne, Allah ne ya yi su.

Kada mu ce wannan matsalar Amurka ce kaɗai. Ran Lahadi muna raira waƙa da harshe ɗaya, Bajju da Berom, Tangale da Bura, Ngas da Hausawa. Amma a tsakar gida wane suna muke kiran wata ƙabila da shi? Sau nawa muka yabi farar yarinya a gaban ƙanwarta baƙa, sa'an nan mu yi mamaki in ta girma ta nemi man sauya fata? Yara suna ji.

Me za mu yi? Na fari, in yaro ya yi tambaya, kada mu tsawata masa. Mu ce, Allah ne ya yi mutane launi launi, kowannensu cikin siffarsa. Na biyu, mu faɗa musu gaskiya daidai da shekarunsu, cewa an yi cinikin bayi, an yi wariya a Afirka ta Kudu har zuwa zaɓen 1994, wannan kuwa zunubi ne. Na uku, in muka ji sunan reni a bakin yaro, mu gyara nan take, mu kuma tsare namu bakin. Na huɗu, in ɗanmu ne aka rena, mu saurare shi, mu yi addu'a tare, mu kuma je mu ga shugaban makaranta. Iyayen Ruby sun yi addu'a, amma ba su janye ta ba. Gafara ba ta hana neman adalci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsarkake bakinmu a gaban 'ya'yanmu. Ka ta'azantar da kowane yaro da aka rena. Ka sa gidajenmu su zama makarantar ƙauna, cikin sunan Yesu. Amin.